Kafin ka ɗauki ɗan yaye ka hau dutsen Abha

Ɗan ƙanena ya shigo gidana a nan Jidda bayan isha'i, wai in ara masa kular ruwan sanyi da dardumar da muke fita da ita bakin teku. Na ce ina aka nufa. Ya zaro waya ya miƙo mini, bakinsa har kunne. "Baffa, ga tsarin nan. Mu kwana Ɗa'ifa, washegari Baha, daga can Abha, mu hau Sauda, mu gangara Rijal Alma, in lokaci ya rage mu taɓa Jizan mu shiga jirgin ruwa zuwa Farasan." Duk a cikin mako guda. Matarsa tana ciki wajen Hajiya, ɗansu kuwa yana tsakar falona yana tatata, ya kama gefen kujera ya saki, ko wata biyu bai yi da yaye ba.

Na ce, "Da wannan yaron?"

Ya ce, "Ai ba shi da rigima, Baffa. Da an tada mota yake barci."

Maganar nan ce ta sa na zauna rubutu, domin ita na taɓa faɗa wa wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin Sakkwato, Allah Ya jiƙansa, lokacin da ya tsare ni a ƙofar masallaci ya ce in haƙura da tafiyar da nake shiryawa sai yarinya ta ƙara wayo.

Lokacin muna ɗaki ɗaya da falo a kudancin Jidda. 'Yata ta fari ba ta cika shekara biyu ba. Mahaifiyarta tun da na ɗauko ta daga Kano ba ta san ko'ina ba sai Harami da kasuwar Balad da gidajen biki. Wanda bai yi bazara a Jidda ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ka fito da asuba iska ta manne maka a jiki, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta ruri dare da rana, mace tana kulle da yarinya tsakanin bango huɗu, ba tsakar gida, ba inuwar bishiya, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Wata rana na dawo aiki na same ta tana kuka, ta ce ita ƙamshin ƙasa kawai take marmari, irin na ruwan farko. Abokan aikina kuma kullum zancensu Abha, wai a can a watan Agusta ana ruwa har da ƙanƙara, mutum yana tafiya cikin gajimare. Ga shi na sayi tsohuwar mota, ina ji da kaina. To wane miji ne zai ji wannan ya zauna? Har gobe ban yarda niyyata ce ba ta da kyau ba.

Niyya dai ba ta rage nisan hanya. Daga Jidda zuwa Abha ya haura kilomita 600. Na ce mu tashi da dare don gudun rana, mu bi hanyar gaɓar teku ta Lis da Ƙunfuza, mu karya zuwa Muhayil, gari na wayewa mu hau dutse. Yarinya tana cinyar uwarta a kujerar gaba. Haka kowa yake yi a lokacin, ban taɓa ganin wani daga cikinmu da kujerar yara a motarsa ba. Madararta kuma tun daga gida aka dama aka cika fida, don kada mu riƙa tsayawa. Ni na kawo wannan dabarar. Fidar nan ta kwana a jaka cikin ɗumin mota, da hantsi aka ba ta ragowar ta shanye.

Daga Muhayil aka fara hawan Aƙabar Shi'ar, hanyar dutsen da ke kaiwa Abha. Hanya ce mai ban mamaki, kwana bayan kwana, a shiga rami a fito a hau gada. Abha tana sama da teku da fiye da mita 2,200, kuma mu daga ƙasan Tihama, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gaɓar teku, muka taso, a cikin ɗan lokaci kaɗan muka haye duk wannan tsayin. Ni babba sai da kunnena ya toshe na riƙa haɗiyar yawu. Ita ba ta san ta haɗiye ba, ba ta da bakin da za ta ce kunnena. Ta farka da tsanyara tana jan kunne, sai amai, ya wanke uwar tun daga mayafi har cinya. Babu wurin tsayawa a gefen dutse, motoci a bayana suna ta hon. Na daka wa uwar tsawa na ce ta rarrashe ta mana. Wannan tsawar tana cikin abubuwan da har yau in na tuna nake yin istigfari.

Mun shiga gari a tsakiyar hutun makarantu, duk mutanen Riyad da na ƙasashen Khalij, wato maƙwabtan Saudiyya na yankin Gulf, sun yi dafifi, ni kuma ban kama ɗaki ba tun daga gida. Muka yi ta zagaye daga wannan bene zuwa wancan, ko'ina a ce a cike yake, har muka samu wani da kuɗin da ya ninka abin da na tanada. A nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Maimakon in bar su su kwanta, sai na ce tunda an biya kuɗi mai yawa ba za mu ɓata yini a ɗaki ba, a tashi mu hau Sauda. Uwar ta ce jikin yarinya da ɗumi. Na ce gajiya ce.

Sauda ta kusa mita 3,000. Hazo ya rufe mu, yayyafi ya sauko, iska mai sanyi ta taso, yarinya tana sanye da 'yar shimi irin ta Jidda, domin ko rigar sanyi ɗaya ba mu da ita, me za mu yi da ita a Jidda? Uwar ta naɗe ta da mayafi. Birai suka kewaye motar, wani ƙato ya fizge ledar burodi dab da hannun yarinyar. Amma kuma zan faɗi gaskiya, na ga matata ta ɗaga fuska sama ruwa yana sauka a kanta tana dariya, dariyar da na daɗe ban gani ba. Shi ya sa in aka ce tafiyar nan gaba ɗayanta wauta ce sai in ji zuciyata ta ƙi.

Da dare gudawa ta ɓalle. Na ce haƙori ne, kamar yadda muka saba cewa, duk abin da ya sami yaro a wannan shekarun haƙori ne. Kafin asuba an canza famfas har na daina lura. Da gari ya waye kuma sai famfas ɗin ya zama ba fitsari ko ɗigo, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, tana kuka ba hawaye. Muka kwasa sai asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannun dama ta rasa, ta koma na hagu, ni na danne ƙafafunta, tana kallona tana buɗe baki muryar ba ta fita. Da aka samu, aka ɗaure ɗan hannun a jikin wani guntun katako da filasta don kada ta lanƙwasa. Likitan ya tambaye ni tun yaushe, da na faɗa masa ya dube ni ya girgiza kai kawai. Ragowar hutun a kan kujerar roba muka yi shi, muna kallon ƙarin ruwa yana ɗiga. Allah Ya tashi kafaɗunta, yau ga ta da nata iyalin, kuma ba ta tuna komai a tafiyar, ko hazon ko biran.

Nakan ce wa kaina ai ba mu sani ba, babu intanet a hannu, babu mai faɗa mana. Ba haka ba ne. Dattijon nan ya faɗa mini, uwar ma ta faɗa mini sau biyu a hanya. Ni ne na riga na gaya wa abokan aiki zan je Abha, ba na so in koma in ce a Ɗa'ifa na tsaya.

Ku kuwa na yanzu ko wannan uzurin ba ku da shi. Komai yana cikin wayarku, amma abin da kuke nema a ciki shi ne inda hoto zai yi kyau. Kun ga wata ta tsaya a bakin dutse da kofin gahawa a TikTok, shi ke nan an tsara tafiya. Ba wanda ya nuna muku wanda yake riƙe da ɗanta a bayan kyamara. Har bashi kuke ci a manhajojin nan na saya yanzu biya daga baya don ku je ku ɗauki bidiyo, yaro yana kuka kuna cewa ya kalli nan ya yi murmushi.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma da na duba, 'yan kaɗan ne suke da amfani.

Ka zaɓi wuri ɗaya ka zauna a cikinsa. In kana Jidda ko Makka, Ɗa'ifa ta ishe ka. Tana sama da teku da kusan mita 1,800, da dare har bargo za ka nema, kuma daga Jidda tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna. Ka kama ɗaki mai kicin tun kafin ka bar gida, a dafa wa yaro abin da cikinsa ya sani. Da safe ku fita Shafa ko Hada, ku sayi rumman da inabi da ɓaure a bakin hanya, azahar ta same ku a ɗaki ya yi barcinsa, da la'asar ku kai shi lambun Ruddaf ya yi ta gudu a ciyawa. Ɗan shekara biyu abin da yake so ke nan, ƙasa da ruwa da fili da uwarsa a kusa. Hanyar Hada ma kwana-kwana ce, saboda haka kada a cika masa ciki kafin a hau, a ba shi abin tsotsa a hawa da sauka, a rufe gilashi in an ga birai.

Kujerar yara a bayan mota, a ɗaure shi. Ba don tarar murur, wato 'yan sandan hanya, ba, ko da yake akwai ta. Hannun uwa ba ya riƙe yaro in aka taka birki da ƙarfi, komai ƙaunarta. In ya yi kuka a tsaya a huta, kada a kwance shi ana tafiya. Kada kuma a bar shi a cikin mota a kashe, ko da na shiga kanti ne in fito, a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 45.

Ka sayi ƙunshin gishiri da sukari na ORS a kemis ka jefa a jakar famfas. A dama shi da ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tun daga gudawar farko. In ya yi awa 6 ba fitsari, ko yana kuka ba hawaye, ko ya ƙi shan komai, asibiti kai tsaye. Ka bar zancen haƙori.

Wani lokaci ma sai in ce ku zauna gida kawai sai yaro ya kai shekara huɗu ko biyar. Amma da na tuna halin da na sami matata a ɗakin nan sai in kasa faɗa. Mace mai goyo a ƙasar nan tana buƙatar fita fiye da mijinta. Sai dai ka tambaye ta ina take so, kuma in an je ka karɓi yaron. In ita ce za ta yi ta wanki da girki da raino a wani ɗakin haya kana waje da waya, ai gara ɗakinta.

Sannan ga maganar gida. Na san yanzu na gama cewa kada a yi nisa, amma wannan daban ce, ko kuma ni ne nake ganinta daban. Bayan abin da ya faru a Abha na tsorata, na ce yarinyar nan ba za ta ƙara doguwar tafiya ba sai ta girma. Mahaifiyata tana ta aiko da saƙo a kawo mata takwararta ta gani, ina cewa baɗi. Ta rasu ba ta taɓa ɗora ta a cinya ba, sai hoto. Saboda haka in kana da tsohuwa a raye a Kano ko Katsina ko Damagaram, kuɗin da za ka zuba a garuruwa shida ka tara ka kai mata jikanta. Na san da nauyi. Ga Riyal 400 da ake biya duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalin baƙo tun 2020, ga bizar fita da dawowa, ga tsaraba wadda ta fi tikiti cin kuɗi. Amma yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya yake zama a jirgi, abin da ake biya masa kaɗan ne, yana cikawa kuwa sai an saya masa kujerarsa. Jirgi daga Jidda zuwa Kano 'yan awoyi ne kawai, ya fi sauƙi a kan yaro da kwana a mota.

Sai dai kada ka je da ka. Hutun makarantun nan yana faɗawa ne daidai tsakiyar damina a gida, Yuli da Agusta, lokacin da sauro ya fi yawa. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kashewa. Ɗanka da aka haifa a Jidda jikinsa bai taɓa haɗuwa da wannan ciwon ba. Tunda bai shiga makaranta ba, me ya ɗaure ka da Agusta? Ka nemi hutunka a Disamba ko Janairu, lokacin sanyi, ka tafi masa da rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu. In kuma dole sai damina, ka kai shi wurin likitan yara makonni kafin tafiya, a rubuta masa maganin kariya daidai nauyinsa, a yi masa allurar cutar shawara, wadda ake yi daga wata 9 kuma ake so a yi aƙalla kwana 10 kafin tashi. Gidan sauro kowane dare, ko da kaka ta ce ɗakinta ba sauro. Ruwan sha a tafasa ko a sayi na roba. Kuma kowa zai so ya ɗauke shi ya ɗura masa abin da yake ci, sai uwar ta yi ƙarfin hali ta hana, kai kuma ka tsaya mata a gaban danginka.

Bayan kun dawo, in jikinsa ya yi zafi, ko da an yi makonni da sauka, kada ka tsaya ba shi maganin zazzaɓi a gida. Likitan nan ba lallai ne tunaninsa ya kai ga sauro ba. Ko bai tambaya ba ka ce masa daga Najeriya kuka dawo, a ɗebi jini a gwada a ranar, kada a bari sai gobe.