Godiya bayan sadakar bakwai ta Inna

Salamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Yau muka yi sadakar bakwai ta mahaifiyarmu a nan Tawa, an naɗe tabarmi an maida kujerun aro, baƙi sun fara watsewa, shi ne na ce bari in rubuta wannan tun kafin in koma Yamai aiki ya taushe ni.

Waɗanda suka taso tun daga Ƙonni da Madawa da Keita da Buza, da waɗanda suka kira ta talho daga Agadas da Abijan, Allah ya bada lada ya maida kowa gida lafiya. Matan kartiye kwana uku ba su bari mun hura wuta ba, samari kuma suka haƙa kabari cikin wannan rana mai ƙona ƙeya ko ruwa ba su tsaya sha ba. Mun gode mun gode.

Amma babbar godiyata ta matar Yaya ce. Shekara biyar Inna tana fama da gigin tsufa, likita ya ce Alzheimer ce. Da farko goro take ɓoyewa ƙarƙashin katifa ta manta ta ce an sace, ta yi azahar sau uku, daga baya ta fara fita tsakar dare wai za ta rijiya ɗibar ruwa a ƙauyensu da ta baro shekara hamsin. Ni kaina in na zo sai ta ja mayafi ta ce bawan Allah wa kake nema. Wasu suka ce aljannu ne wasu suka ce sammu, har da masu hana yaransu shigo mana gida, Allah dai ya shirya. Duk tsawon nan baiwar Allahn nan ke mata wanka da wanki da ba ta abinci a baki, kuma ita ce kullum ɓarauniyar goro.

To ran Talata bayan isha'i ta kira ni murya na rawa, ta ce Inna ta kira sunanta, ta nemi fura ta ce kar a sa sukari, kamar dai yadda take sha da can, tana ta tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya. Na ce Alhamdulillahi sauƙi ya samu, ƙarshen wata in an biya zan zo. Goggo ta fizge talhon ta ce kai ɗan nan, gobe da asuba ka shiga mota, na ga irin wannan ga kakanka. Wallahi haushinta na ji a lokacin. Na dai shiga kar, fiye da kilomita 500, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ban iso ba sai bayan la'asar.

Ina ɗaga labule Inna ta kira ni da sunan tsokana da take kirana ina yaro, wanda ko matata ba ta sani ba, ta ce Yamai ba abinci ne ka rame haka. Ta tuna wata mai manja tana bin ta jika biyu ta ce a biya. Sannan ta kamo hannun matar Yaya ta ce ɗiyata na wahalshe ki, ki yafe mini. Ɗakin nan ba wanda bai yi kuka ba. Ran Alhamis da hantsi ta koma shiru, asubar Juma'a Allah ya karɓi abinsa.

Wani abokina likita da ya zo gaisuwa ya ce abin sananne ne, ba mu kaɗai ba. Wani masani Bajamushe Michael Nahm ne ya laƙaba masa suna a 2009, ma'anarsa dawowar hankali dab da ajali, kuma a 2018 cibiyar binciken tsufa ta Amurka ta tara masana a kansa. Ya ce ƙwaƙwalwar tana nan da lalacewarta, wani mintoci kawai yake samu, wani awoyi, wani kwana ɗaya ko biyu. Ya ce hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta masu cutar mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, kuma ba kowa ke samun wannan dama ba. Goggo da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta riga shi faɗa mini, Goggo Allah ya ƙara girma, ki yafe gardamar da na yi miki.

Mai manjar ta rasu bara ashe, jiya muka kai wa ɗiyarta jika biyun. Duk wanda ya san yana bin Inna wani abu ko ta ɓata masa rai cikin ciwon nan, don Allah ya zo gida ya samu Yaya, ni ma ina nan har Lahadi. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta.