Gadar ƙafa a Detroit

Jiya da yamma, bayan na tashi daga aiki, na taka gadar ƙafa da ke tsallake babbar hanyar I-75 a unguwar Corktown, nan birnin Detroit na Amurka. Gada ce ta siminti mara kwalliya, da ragar waya a gefe, motoci na wucewa fuu a ƙasa. Ni kaɗai ne a kai, sai wani dattijo da karensa.

Wannan hanyar ce ta raba unguwar gida biyu a shekarun 1960, aka rusa gidaje don a shimfiɗa ta. Gadar ta zama mashigar mutanen arewacin unguwar, da masu ajiye mota a can su gangaro kallon besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, a filin Tiger Stadium, a mahaɗar titin Michigan da Trumbull. An buɗe filin a 1912 da sunan Navin Field. Ƙungiyar Tigers ta buga wasanta na ƙarshe a nan a watan Satumba na 1999, ta koma sabon filinta na Comerica Park, aka gama rushe ginin tsohon filin a 2009.

Ni dai har yau besbol bai shige ni ba, gaskiya. Amma na daɗe a tsaye ina hasashen cunkoson ranar wasa, yara riƙe da hannun iyayensu.

Da na sauka na leƙa filin. Yara ne ke wasa a wurin yanzu, tsohuwar sandar tuta kuma tana nan tsaye.