Inda na tsaya da ƙwaron gonar shinkafa, Paederus fuscipes

Salamu alaikum 'yan uwa masu tara ƙwari. Ga inda na kai wajen tantance nau'in ɗan ƙwaron nan da na ce muku yana cika mana baranda a nan Kedah, arewacin Malesiya, musamman idan an fara girbin shinkafa, da magariba ta yi sai ya baro gona ya taho wajen fitila. Mutanen nan suna ce masa charlie, a Indonesiya kuma tomcat, can ma a 2012 sai da ya tada hankalin mutanen Surabaya.

Dangin dai babu gardama, Staphylinidae ne, wanda masanin ƙwari Latreille ya sa wa suna a 1802, kuma yanzu an san nau'i sama da 60,000 a cikinsa. Alamarsu ita ce fukafukan sama masu tauri gajeru ne, ba sa rufe ciki, sai ka ga gaɓoɓin cikin a waje yana murɗa su yadda ya ga dama, idan ka taɓa shi ya ɗaga gindi sama kamar kunama alhali ba shi da ƙari ko kaɗan. Fukafukan tashi na nan a ƙarƙashi a ninke, da ya sauka zai sa ƙarshen cikinsa ya tura su ya cusa, na zauna na kalli wannan da gilashin ƙara girma kuma wallahi abin kallo ne.

Kai shi gidan Paederus, wato ƙaramin rukuni a cikin dangin, ma bai ba ni wahala ba. Tsawonsa kamar milimita 7, kai baƙi, ƙirji ja mai ruwan lemo, fukafukai shuɗi mai ƙyalli da 'yan ramuka ramuka, gaɓoɓin ciki huɗu na farko ja, biyun ƙarshe baƙi. Eriyarsa gaɓa 11. Amma abin da ya fi gamsar da ni shi ne ƙafa, idan ka kwantar da ita a ƙarƙashin maikuroskof za ka ga gaɓa ta huɗu ta tafin ƙafar ta rabu biyu, ta biyar ta fito daga tsakaninsu. Masanin ƙwari Fabricius ne ya kafa gidan tun 1775.

Toh daga nan ne aiki ya fara, don gidan nan kaɗai yana da nau'i sama da 600 kuma da yawansu kalar nan ɗaya suka sa, ja da baƙi da shuɗi. Shi ya sa gaskiya ba na jin daɗin yadda ake ɗaukar hoto da waya a ɗora a iNaturalist, shafin da ake tantance halittu da hoto, a rubuta fuscipes kai tsaye. Sau da yawa za a dace tunda shi ne ya fi yawa a gonakin shinkafar Asiya, amma akwai irin su Paederus tamulus a yankin, hoto daga sama kuma ba ya raba gardama. Shi kansa fuscipes ɗin masanin ƙwari Curtis ne ya bayyana shi a 1826, daga Ingila ma ba Asiya ba, ya bazu daga Turai har Japan, duhun ƙafafunsa yana bambanta daga wuri zuwa wuri, shi ya sa aka yi ta raɗa masa sunaye daban daban daga baya aka gane abu ɗaya ne.

Don haka namiji nake nema, don al'aurarsa ce ke bambanta nau'i da nau'i. Ka juya ƙwaron rigingine ka duba faranti na takwas na ƙasan ciki, na namiji yana da tsaga mai zurfi siririya a tsakiya, na mace babu. Da ka samu namiji sai a ciro al'aurarsa, aedeagus, ita ce ake kwatantawa da zanen masana. Yadda nake yi, na ciro shi daga etanol 70 cikin 100, na riƙe da hantsaki mai tsini, na sa allurar ƙwari na ja gaɓoɓin ƙarshe a hankali, sai na jiƙa su a ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) 10 cikin 100 har naman ya narke ya bar ɓawon, na ɗauraye da ruwa, na sa a ɗigon gilisarin. Abin ƙanƙani ne sosai, numfashi mai ƙarfi ma zai iya ture shi, don haka a cikin ruwa nake komai, ba na bari ya bushe a bakin allura. Ƙwaron kuma na manna shi a kati da gam mai narkewa a ruwa, al'aurar a 'yar kwalbarta a jikin fil ɗaya da shi, da takardar wuri da rana.

Abin da nake dubawa da shi littafin Malcolm Cameron ne na Fauna of British India, juzu'i na biyu na 1931 mai ɗauke da Paederinae. Ya tsufa, kuma ya fi dogara da kala da ramukan jiki, amma yana rage maka hanya. Ƙwarin nawa sun faɗa fuscipes a mabuɗinsa, wato jerin alamomin da ake bi a gane nau'i, sai dai na rubuta da fensir tukuna.

Don Allah ƙannena sababbin shiga, kada wanda ya murƙushe shi da hannu. Ba ya cizo ba ya harbi, gubar pederin ce a ruwan jikinsa, wasu bakteriya 'yan gidan Pseudomonas da ke zaune a jikinsa ke haɗa ta, kuma mata sun fi ɗauke da ita. Ba za ka ji komai nan take ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu fata ta yi ja ta yi bororo a layi, idan hannun ya kai ido kuwa ya kumbura. In ya hau ka hure shi, in ya fashe ka wanke da sabulu da ruwa nan da nan. Ni da burushi mai laushi nake tura su kwalba, kuma da safar hannu nake fiɗa. Ku da ke gida ma kuna da ɗan uwansa Paederus sabaeus, wanda a Kenya ake haɗa shi da wani nau'in a kira su ƙudan Nairobi, ku duba bakin fadama da damina.

Saura yanzu in ɗauki hoton aedeagus ɗin ta ƙasa da ta gefe, wayata na ƙin tsayawa daidai a bakin maikuroskof, duk wanda ya san dabarar ɗaure ta ya taimaka min. Kuma ina so in kama wasu daga gona da rana in kwatanta da na fitila.