Yadda na rabu da mudu biyu

Ni 'yar kasuwar hatsi ce, masara da dawa da waken suya nake saye a ƙauyukan wajen Lere da Saminaka in kaka ta yi, in ajiye, in kaya sun yi kuɗi in fitar, wani sa'in da buhu ga masu lodi zuwa Dawanau a Kano, amma yawanci awo ne a rumfa. Kuma ni 'yar Zumuntar Mata ce a cocinmu, ni ce ma mai buga tulu in muna waƙa, ran Lahadi in kika gan ni cikin anko da ɗankwali a layin gaba za ki ce ai wannan ta gama da duniya. Toh amma mudu biyu nake da su, kuma na daɗe da su.

Wanda ba ya harkar ba zai gane ba sai an masa bayani. Mudun saye daban, an ɗan buɗa bakinsa an turo gindin waje, in kina auna na manomi kuma ki tare gefe da hannu masara ta yi tozo har ta hau damtse. Mudun sayarwa kuma an buga gindinsa ya shige ciki kaɗan, ido ba ya kamawa sai an kifa shi, kuma lokacin awo sai ki ɗan karkata hannu tozon ya zube, ki biyo da 'yar gyara cikin tafin hannu kina dariya, mai saye ya tafi yana miki godiya alhali gyaran ma nasa ne. Ga algus kuma, tsohuwar masara da ƙwari suka fara ci a tsakiyar buhu, mai haske a baki. Ba ni na ƙirƙiro ba, a hannun wadda ta koya min kasuwa na samu, kuma sunan da muke ba shi dabara ne, babu mai cewa sata.

Abun da ya taɓa ni ba wani babban taron farkawa ba ne. Makon Zumunta ne aka raba mana karatu, nawa ya faɗo a Amos sura 8, na zauna da dare ina bi da tocilan waya dan kar in yi tuntuɓe gaban jama'a. Amos ɗin nan makiyayi ne daga Tekowa, ya yi annabci fiye da shekara 700 kafin haihuwar Yesu, amma mutanen da yake kwatantawa a aya 5 da 6 kaman a layinmu yake zaune. Masu sayar da hatsi ne, suna kiyaye Asabar fa, ba sa buɗe rumfa, sai dai duk sun ƙosa ranar ta wuce su koma su rage mudu su ƙara kuɗi, har sharar alkama su haɗa su sayar. A aya 7 kuma Ubangiji ya rantse ba zai manta da ko ɗaya cikin ayyukansu ba. Ni da nake zaune cikin sujada ina lissafin buhuna a kai tun kafin a yi addu'ar sallama. Na karanta a gaban mata, muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan, aka ce amin, na koma kasuwa na ci gaba da abuna.

Eh, na ci gaba. Ina faɗin wannan ne sabida masu ba da shaida na son su ce nan take komai ya canza, ni nawa bai zo haka ba. Abun da na fara yi shi ne na ƙara ushiri, wato kashi ɗaya bisa goma da ake ba coci. Na ƙara baiko, lokacin godiyar kaka na kai buhu guda cur na masara aka tafa min, a raina ina cewa ai Allah ya samu rabonsa. Kuma kullum da dare ina roƙon gafara, 1 Yohanna 1:9 na haddace ta tsaf, in mun furta zunubanmu zai gafarta, sai na mai da ayar kaman sabulu, in wanke hannu da dare da safe in koma cikin taɓon. Mudun na nan a rumfa ban taɓa shi ba.

Mama Pasto, matar pastonmu, ita na fara gaya wa, ita ma a kaikaice, wai wata ƙawata ce ke da matsalar. Ta bar ni na gama tsaf sannan ta ce, 'yata, ki gaya wa ƙawar nan taki ta karanta 1 Sama'ila 15. Labarin Saul ne da aka aike shi kan Amalekawa aka ce kar ya bar komai, shi kuma ya bar sarki Agag da rai da tumaki da shanu masu ƙiba, da Sama'ila ya iso sai ya tare shi da fara'a wai ya cika umarnin Ubangiji, Sama'ila ya ce to kukan tumakin nan da nake ji fa? Saul ya ce ai hadaya za a yi da su. A nan ne aya 22 ta fito, cewa biyayya ta fi hadaya. Na san ayar tun ina ajin baftisma, ban dai taɓa ganin buhuna na godiyar kaka a cikinta ba sai ranar. Da na koma ban ƙara zancen ƙawa ba, ita ma ba ta nuna ta gano tun farko ba.

Fasa mudun shi ne mai sauƙi, na ba yaron maƙeri duka biyun ya lotsa su da guduma, na sayi guda ɗaya daidai da na kowa, da shi nake saye da shi nake sayarwa, kaman yadda Maimaitawar Shari'a 25:13 zuwa 15 ta ce kar a samu babba da ƙarami a jakarka ko a gidanka. Inda aka sha daga shi ne da Mama ta ce, toh na mutanen da kika riga kika ci fa? Na ce Mama ai Yesu ya biya. Ta ce ya biya bashinki wajen Allah, na mai tuwo yana nan a hannunki. Ta nuna min Littafin Firistoci sura 6 daga farko, wanda ya cuci maƙwabcinsa zai mayar da abun cif ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar a kai, sannan ya kawo hadayarsa, da Matiyu 5:23 da 24 inda Yesu ya ce in kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da magana da kai, bar baikon a nan ka je ku shirya tukuna. Ga Zakka mai karɓar haraji a Yariko, Luka 19, wanda muke koya wa yara waƙarsa a Sande Sukul, mu dai gajartarsa da hawan itace muka riƙe, shi kuwa cewa ya yi rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu.

Baban yara bai so ba sam. Ya ce kin daina, shikenan, meye na tonon silili, so kike a riƙa nuna 'ya'yana a kasuwa ana cewa ga 'ya'yan ɓarauniya? Kuma gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce, garin ƙarami ne. Mun yi kwanaki ba ma shiri sosai, daga baya ya ce in yi amma kar in taɓa kuɗin makarantar yara, na yarda.

Lissafin ma wani aiki ne, wa ya rubuta? Sai na fara da kwastomomin da na sani na kullum. Akwai wata dattijuwa mai tuwo-tuwo a bakin tasha da ta daɗe tana awo wajena, na ƙiyasta abun da ke raguwa a kowane awo, na zagaye shi sama, na sa mai baro ya kai mata masara, na bi bayansa. Na same ta tana tuƙi hayaƙi na shiga mata ido, na durƙusa na ce Iya na zo neman gafara ne, mudun da nake auna miki ba cikakke ba ne. Ba ta daina tuƙin ba. Can ta ce, ai na sani, in na kai gida na sake aunawa, na dai rasa mai ba ni bashi ne in ba ke ba. Wannan maganar ta fi zagi ciwo, ashe duk dariyar da nake mata ina ƙara gyara kallona kawai take. Ta karɓa, ta ce Allah ya yafe mana duka, har yau tana saye.

Ba kowa ne ya yi haka ba fa. Wata ta zage ni tas a gaban mutane ta karɓi kayanta ba ta sake dawowa ba, kuma tana da gaskiya. Wasu cikin abokan sana'a suka daina gaishe ni dan a ganinsu na tona musu asiri ne, har da 'yan'uwa na coci. Maƙwabcin rumfata Musulmi ne, dattijo, shi ya kira ni gefe ya ce Maman yara abun da kika yi daidai ne, mu ma akwai sura guda a Alƙur'ani kan masu tauye mudu, ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa zaton 'yan coci na damuwa da wannan ba. Na ji kunya, ba kaɗan ba, dan mu ne muke fita da 'yan Sabon Rai muna wa'azi a bakin kasuwar nan ɗin.

A nan zan ɗan faɗi abun da ke raina. A ikilisiyoyinmu in yarinya ta yi ciki ba aure nan da nan majalisar dattawa ta zauna, a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, kowa na gani. Ban ce kar a yi horo ba. Amma ni da na yi shekaru ina cin na gwauraye da masu ƙaramin ƙarfi ban taɓa rasa jibi ba, sai ma kujerar gaba da ake ba ni sabida baikona na da auki. Yohanna Mai Baftisma da mutane suka tambaye shi me za mu yi, a Luka 3, masu haraji ya ce musu kar su karɓi fiye da ƙa'ida, sojoji kuma kar su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. Duk a wajen aiki ya ajiye musu tuban.

Manoman ƙauye da na aune da babban mudu kam yawancinsu ban san ko sunansu ba, mata ne da ke kawo ɗan abun da suka ɗauko a kai dan su sayi maggi da magani. Waɗannan ba yadda zan same su. Abun da muka tsayar da Mama shi ne duk kaka in ware wani abu in kai wa gwauraye a ƙauyukan da na fi saye, ta hannun mutanen wurin, ba sanarwa a coci, ba a haɗa shi da ushiri. Ba sayen ceto nake ba, Afisawa 2:8 da 9 a fili take cewa ta wurin alheri ne, kayan mutane ne dai nake rage wa kaina.

Masu tambaya ko Allah ya ninka min riba, a'a. Ribata raguwa ta yi, kuma ta haɗu da lokaci mai wuya, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai ga cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar, kuɗin mota daga ƙauye ya tashi, akwai ranakun da na zauna ina kallon mudun ina tuna nawa tsohon zai rage min. Na rage ajiya, na bar waken suya gaba ɗaya na wani lokaci dan jari bai kai ba. Wasu sababbin kwastomomi sun zo dan sun ji awona na cika, amma ba su cike gurbin ba.

Yanzun inda nake fama shi ne baki. Mai saye na taya kaya sai in ji "ko uwar kuɗi bai kai ba" ta fito da kanta alhali ya kai har ya wuce, sabo ne na shekaru. Na gaya wa yarinyar da ke taya ni a rumfa duk sanda ta ji na faɗa ta taɓa ni, kuma tana taɓawa, wani sa'in ma har da murmushin mugunta, sai in juya in ce wa mai saye yi haƙuri, ya kai, ni dai ba zan sayar haka ba ne.