Kayan kiɗa a sito, malami babu

Kuskuren da ya fi cin ƙungiyoyin da ke tara kuɗi don koyar da zane, kiɗa da wasan kwaikwayo a makarantun gwamnati shi ne sayen kaya kafin a samu mai koyarwa. Mai ba da tallafi ya fi son abin da zai ɗauka a hoto, sai ya gindaya sharaɗin cewa kaya kawai za a saya. Ƙungiya ta karɓa hannu bibbiyu, ta sayo ganguna, jita, fenti da buroshi, a yi bikin miƙawa, a tafa. Kafin zango biyu, malamin sa-kai da aka dogara da shi ya samu aikin albashi ya kama gabansa. A garƙame kaya a sito. Fenti ya daskare a gwangwani, tsirkiya ta tsinke, laima ta saki fatar ganga. Ragowar kuɗin kuma yana banki ba halin taɓawa, domin abin da aka bayar don kaya ba a biyan albashi da shi sai da rubutaccen izinin mai shi. Ranar rubuta rahoto, ma'aikacin ƙungiyar da ke zuwa makarantar shi ke shan tambaya. Shugabannin da suka matsa a karɓi kuɗin, su ko a jikinsu.

Don kauce wa wannan, jadawalin darussa ne farko: aji nawa, sau nawa a mako, a wane ɗaki. Kuma hukumar ilimi ta sa hannu, domin shugaban makaranta ana iya sauya masa wurin aiki, alkawarinsa na baki ya bi shi. Sai tsarin biyan albashin malami na aƙalla shekara 3, sai kuɗin gyara da na abin da ke ƙarewa duk shekara, irin su takarda, fenti da tsirkiya. Abin da ya rage shi za a sayi kaya da shi, ko da ganga 10 ce maimakon 40.

Akwai wani tarkon. Da hukuma ta ga ƙungiya na biya, sai ta zare ɗan abin da take warewa a kasafinta ta kai wani wuri. Don haka a rubuta a yarjejeniya: shekarar farko ƙungiya ta biya albashin duka, ta biyu rabi, ta uku hukuma ta ɗauka. El Sistema, shirin kiɗan da José Antonio Abreu ya kafa a Venezuela a 1975, kowa na kawo shi misali a takardar neman tallafi, amma ba a cika faɗin cewa gwamnati ce ke ɗauke da nauyinsa ba.

Fafutukar neman hukuma ta ware kuɗi kuwa lokacinta shi ne sa'adda ake tsara kasafi, kafin a amince da shi. Makon ilimin fasahar zane da kiɗa na UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya), mako na huɗu na Mayu, yana jawo 'yan jarida, amma ba ya ƙara layi a kasafi. Iyaye biyar a gaban hukuma sun fi wasiƙar ƙungiya tasiri.

A ƙirga kaya duk ƙarshen zango, a rubuta sunan mai riƙe da makulli. Kada a ɗauki hoton yaro ba da izinin iyayensa ba. Mai tallafin da ya ƙi sakin ko kwabo don albashi, a yi masa godiya a bar masa kuɗinsa.