Azurfar Potosi da bashin da ya cinye Sifaniya

Kwana biyun nan ina ta karatu a kan daular Sifaniya, wallahi abin ya tsaya min a rai. A 1492 Garnada, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, ta faɗa hannun sarki Fardinand da sarauniya Isabela, mulkin Musulmi a Andalus ya ƙare, a shekarar dai Kolumbus ya tsallaka teku zuwa yankin Amurka da sunansu. Kafin ka ce kwabo Sifaniyawa sun rushe daular Aztek ta Meziko a 1521, sun kama Atahualpa, sarkin daular Inka ta Peru, a 1532, sai kuma a 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosi, a Bolibiya ta yau.

Nan ne fa abin ya fi sosa min zuciya. Ƴan ƙasar ake tilasta wa shiga rami su haƙo, da yawansu can suka mutu, a loda azurfar a jirgi zuwa birnin Sabil na Sifaniya, amma kuma ba ta zama a Sifaniya, don tun jirgi bai iso ba sarki ya riga ya ci bashi a kanta wajen masu bankin Jamus da na Jenowa ta Italiya, tana sauka su kwashe abinsu. Sarkin Sifaniya Filib na biyu da duk Turai ke shakka ya kasa biyan bashi a 1557, ya sake a 1575, ya kuma a 1596. Yaƙi ne ya lashe kuɗin, na Holan kaɗai shekara 80 aka yi ana gwabzawa, ga jirage wajen 130 da Filib ya tura Ingila a 1588 aka fatattake su, guguwa ta ƙarasa da yawa a hanyar komawa. A gida kuwa kaya sai tsada suke, masaƙansu na durƙushewa ana sayo tufa daga waje.

Kuma a cikin wannan halin ne daga 1609 suka kori jikokin Musulmin Andalus kusan 300,000, alhali da yawansu manoma ne masu riƙe da gonakin yankin Balansiya a gabashin Sifaniya. Haba, ƙasar da bashi ya yi wa katutu ta kori masu ciyar da ita?

Sauran gangara ce kawai, Napoliyon ya mamaye su a 1808, ƙasashen Kudancin Amurka suka ɓalle, a 1898 Amurka ta raba su da Kuba da Filifin. Dutsen Potosi kuwa har yau ana haƙarsa, kuma yankin na cikin mafi talauci a Bolibiya.