Daga Iowa: marayan da ya riƙe ma'aikatar noman Amurka shekara 12

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku da aiki, da fatan amfanin gona ya yi albarka.

Jihar Iowa da nake zaune ita ce kan gaba wajen noman masara a Amurka, kuma a nan da wuya a yi hirar noma ba a ambaci Tom Vilsack ba. An haife shi a birnin Pittsburgh a 1950, aka bar shi a gidan marayu, wasu ma'aurata suka ɗauke shi suka raine shi. Bai tashi a gona ba, lauya ne. Aure ya kawo shi Mount Pleasant, garin su matarsa Christie, inda ya kama aikin lauya a ofishin surukinsa.

A ganina a wannan ƙaramin ofishin ya san manomi. A shekarun 1980 farashin gonaki ya faɗi, kuɗin ruwa ya hau, bankuna suka shiga ƙwace gonakin da mutane suka gada kaka da kakanni. Irin waɗannan manoma ne ke zuwa gabansa da takardun bashi. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya sayar da gonar gado don ya biya bashin taki, ya san irin zaman da ake yi a wurin.

Siyasa kuwa ta same shi ne ta hanyar musiba. A Disamban 1986 wani mutum ya harbe magajin garin, Edward King, ana tsakiyar zaman majalisa. A 1987 aka zaɓi Vilsack ya gaje shi. Daga nan sai majalisar dattawan jiha, sai gwamna daga 1999 zuwa 2007. Obama ya ba shi ma'aikatar noma a 2009, ya yi shekara 8, Biden ya sake dawo da shi daga 2021 zuwa 2025.

Kada ku ɗauka aikin ma'aikatar ya tsaya ga taki da iri. Mafi yawan kuɗinta na tafiya ne ga tallafin abinci na masu ƙaramin ƙarfi da ciyar da 'yan makaranta.

Akwai abin da har yau yake damuna. Manoma baƙar fata sun daɗe suna kukan ana hana su rance saboda launin fata, kuma a zamaninsa, a 2010, aka amince a biya su diyyar dala biliyan 1.25. Amma a shekarar ce ya tilasta wa Shirley Sherrod, baƙar mace mai kula da raya karkara a jihar Jojiya, ta ajiye aiki saboda wani guntun bidiyo da aka yanke don a nuna ta da wariya. Da cikakken bidiyon ya fito, sai ga shi labari take bayarwa na yadda ta taimaki wani manomi farar fata ya tsira da gonarsa. Vilsack ya fito ya nemi gafara, ya yi mata tayin wani muƙami, ta ƙi karɓa. Ban ga laifinta ba. Matar da ta ƙarar da rayuwarta wajen kare ƙananan manoma ta cancanci a saurare ta kafin a yanke mata hukunci.

A 2025 Vilsack ya zama shugaban gidauniyar da ke ba da kyautar abinci ta duniya a nan Des Moines, kyautar da Akinwumi Adesina, tsohon ministan noman Najeriya, ya samu a 2017.

A gaida mutan gida baki ɗaya.

Ɗan uwanku,
daga Des Moines